Karne mai ruwan ɗorawa bai rufe ciwon hanta ba

Ranar zubi ce, bayan la'asar. Mun gama ƙirga kuɗi, masu makulli sun rufe akwati, har wasu sun fara naɗe tabarmi, sai wata ƴar'uwarmu ta kwance bakin zane ta fiddo wani ɗan littafi mai ruwan ɗorawa. Ƴar kasuwa ce, ta daɗe tana zuwa Kano da Lome saro atamfa da takalma, bana kuma Allah Ya nufe ta da Umrar azumi. Ta ɗaga littafin tana murna, ta ce: "Ni kam na ƙare da allurai. Har ta shawara an yi mini. Ciwon hantar nan da ke kashe mutane, ni da shi sai kallo."

Mu uku ne a ƙungiyar da muka yi karatun manya har muke iya haɗa baƙi da Faransanci kaɗan-kaɗan. Muka karɓi karnen muka bi shi shafi-shafi. Ga hatimin allurar zazzaɓin shawara, ga na sanƙarau, ga ɗigon shan-inna. Ciwon hanta kuwa, ko layi guda babu. Da muka faɗa mata sai ta ɓata rai: "To shawara ba hanta ba ce? Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, mi ya rage?"

Ba laifinta ba ne. Bakinmu ne ya tattara cututtuka da yawa ya laƙa musu suna guda. Duk wanda idonsa ya canza launi, mu ce shawara ta kama shi. Alhali shawara alama ce kawai, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta, bai gaya miki ko kara ne ke ci ko ɗaki. Zazzaɓin shawara, wanda ake rubuta wa fièvre jaune a karne, sauro ne ke kawo shi, allurarsa guda ce, kuma tun 2016 an amince guda ɗin ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Ciwon hanta nau'in B, wanda za ki gani a takardar likita da sunan hépatite B, wata cuta ce dabam, hanyarta dabam, allurarta dabam. Ta farkon ba ta tsare ki daga ta biyun ko da ƙwayar zarra.

Maganar ta taɓa mu ne saboda abin da ya faru a unguwarmu watanni kaɗan kafin nan. Ɗan wata daga cikinmu, magidanci da bai kai arba'in ba, ya dawo daga bida da kumburarren ciki da ƙafafu. Aka ce sammu ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe da turare, aka sayar da tumaki biyu. Lokacin da aka kai shi babban asibiti, likita ya ce hanta ta riga ta taurare, kuma cutar ta yi shekaru a jikinsa, wataƙila tun yana goye. Ya bar mata biyu da ƴaƴa ƙanana. Allah Ya jiƙansa. Uwar tana zaune a kan tabarmar ran nan, ba ta ce uffan ba, amma mako na zagayowa ita ce ta ce a gayyato malamar asibiti ta zo ta yi mana bayani. Abin da muka ji, da wanda muka bi muka tambaya daga baya, shi muka rubuto muku.

Cuta mai shiru

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne yawan masu ita da ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a nahiyarmu ta Afirka. A shekarar kaɗai ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari, galibi ta hanyar taurarewar hanta da ciwon dajin hanta. A cikin masu ɗauke da ita, wajen 13 cikin 100 ne kawai aka gwada aka gaya musu. Sauran suna noma, suna kasuwa, suna haihuwa, ba su san da komai ba.

Nijar tana cikin ƙasashen da ake lissafawa masu yawan wannan cuta, wato inda mutum 8 ko fiye cikin kowane 100 ke ɗauke da ita. Ki dubi taron biki ko taron suna, ki yi lissafin da kanki.

Ƙwayar tana cikin jini da ruwan jikin da ke fita wajen saduwar aure. Tana ratsawa daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, daga yaro zuwa yaro ta ƙuraje da raunuka, daga miji zuwa mata ko mata zuwa miji, sannan ta duk wani ƙarfe da ya huda fatar wani ya zo ya huda taki. Ta fi ƙwayar sida saurin kamu sau 50 zuwa 100. Kuma tana da taurin rai: jinin da ya bushe a kan reza ko almakashi, wanda idonki ma ba ya gani, ƙwayar tana iya kwana bakwai a cikinsa da ranta.

Shekarun da mutum ya kamu su ne ke yanke hukunci. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa ko cikin shekararsa ta farko, tara cikin goma cutar za ta zauna masa har girma. Babba kuwa, galibi jikinsa yana yaƙarta ya kore ta. Ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunar wa. Da muka ji haka wata ta ce: "Ashe mu tsofaffi mun tsira." Malamar ta girgiza kai. Babbar da ta kamu tana iya kwanciya makonni da amai da kasala da shawara, jari ya narke a gado. Kaɗan daga ciki hantar takan tsaya cak cikin kwanaki, sai dai a ce Allah Ya jiƙan rai. A tsawon wannan lokaci kuma tana iya ba mijinta, mijin ya kai wa abokiyar zamanta, in akwai mai ciki a gidan abin ya sauka kan jariri, wanda shi ne ba ya iya korarta.

Sai mu faɗi inda ba ta bi, don mun ga gidan da aka ware wa mai ita kwano da moɗa kamar kuturu. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan hura a ludayi ɗaya, ko musafaha, ko runguma, ko tari, ko cizon sauro. Uwa mai ita tana shayar da ɗanta nono, musamman in an yi masa rigakafi. Masu bin ruwa da abinci marar tsabta su ne nau'in A da nau'in E. Na E ɗin ne ya ɓarke a jihar Difa a 2017 ya fi yi wa mata masu ciki ɓarna. Waɗannan maganinsu tsabtar ruwa da wanke hannu. Na B maganinsa kula da jini da allurar rigakafi.

Me ya haɗa ta da tafiya?

Shawarwarin da ake bai wa matafiya kan wannan cuta, asalinsu an tsara su ne don Bature da zai baro ƙasarsa inda cutar ba ta da yawa ya zo irin namu ƙasashen. Shi ana ce masa: yi allura kafin ka tafi. Mu kuwa a cikinta aka haife mu, don haka tamu shawarar ta ɗan bambanta, za mu zo kanta. Amma kada wannan ya sa mu ce tafiya ba ta ƙara komai. Tana ƙarawa, don a hanya ne mutum yake miƙa jikinsa ga hannun da bai sani ba.

A gida kin san wanzaminku, kin san malamin asibitinku, kina iya cewa a buɗe sabuwar allura a gabanki. A tashar wani gari fa? Kin kwana biyu a mota, zazzaɓi ya rufe ki, ga kaya ga kuɗin mutane a ƙugu, wani mai shagon magani ya ce zo in yi miki allura guda ki miƙe. Wa ke tsayawa tambayar inda sirinjin ya fito? Ga masu yankan farce da ke yawo da almakashi guda daga ƙafa zuwa ƙafa. Ga shagunan gyaran ƙafa da farce a Lome da Kwatano da Dubai, inda ake kankare kaushi har jini ya ɗan tsattsafo. Ga hujin kunne da na hanci. Ga haɗarin mota, Allah Ya tsare, inda za a ɗinke ki ko a ƙara miki jini a wurin da ba ki zaɓa ba. Su ma ƙasashen da muke zuwa saro ba su tsira ba: duk yammacin Afirka yanki ne mai yawan cutar, Sin kuma, inda manyan ƴan kasuwarmu ke zuwa Gwanju, ita ta fi kowace ƙasa yawan masu ɗauke da ita.

Masu zuwa Hajji da Umra suna da nasu wuraren. Na farko aski. Mu mata ɗan tsinin gashi kawai muke yankewa, amma mazanmu da ƴaƴanmu suna aske kai ƙwal, a Mina ko bayan sa'ayi, cikin cunkoso da gaggawa. Hukumomin lafiya na Saudiyya da kansu suna gargaɗin alhazai su je wajen masu askin da ke da lasisi, masu sa sabuwar reza ga kowane kai, su guji masu tsayawa bakin hanya da aska guda. Ki saya wa maigida ko ɗanki fakitin reza tun daga gida, ki sa masa cikin jakar ihrami. Na biyu ƙaho. Ba mu ce a bar ƙaho ba. Mun ce a tabbata kofunan da abin tsagawar sababbi ne, an fasa ledarsu a gabanki. Na uku, kuma a nan za a yi mana dariya, haƙorin Makka. Kowa na son ta dawo ta yi murmushi a san ta je. Amma kayan aikin haƙori suna taɓa dasashi, dasashi kuma yana jini. In za a sa, a sa a wurin likitan haƙori na gaskiya mai dafa kayansa, ba a lungun kasuwa ba. Sai na huɗu da ba mu taɓa kawowa a rai ba: masu ciwon sukari da ke kwana ɗaki guda, su riƙa ara wa juna abin huda yatsa don awo. Zumunci ne, amma jini ne ke zagayawa. Kowa ta riƙe nata.

Abin lura, Saudiyya tana tilasta wa alhazan ƙasarmu allurar sanƙarau da ta zazzaɓin shawara da rigakafin shan-inna. Ta ciwon hanta ba ta cikin na dole. Ba jami'in da zai tare ki a filin jirgin Yamai ko a kan iyakar Dan Isa ko Ƙonni ya ce ina hatiminta. Shi ya sa ba a yin ta. Mun saba abin da ba a tambaya a shinge, ba mu kashe masa kuɗi.

Akwai dai inda ake tambaya, kuma ta hanya mai ciwo. Ƙasashen Larabawa irin su Saudiyya da Daular Larabawa suna gwada jinin masu zuwa aikin gida kafin su ba su takardar zama, ciwon hanta nau'in B yana cikin abin da ake dubawa. Mun san yarinyar da uwarta ta ci bashin asusu, aka haɗa da kuɗin akuya, aka yi fasfo aka biya dillali, sai a gwajin ƙarshe aka ce tana ɗauke da ƙwayar. Tafiya ta fasu, kuɗi ba su dawo ba, bashi yana nan. Da gwajin aka fara yi kafin a ba kowa ko dala, da asarar ba ta kai haka ba, kuma da an san halin da yarinyar ke ciki tun da wuri.

Sai maganar da ake jin nauyinta. Mazanmu suna tafiya bida Libiya, Aljeriya, Abijan, Legas, wani shekara biyu, wani uku. Ba mu zargi kowa ba, aski kaɗai ya isa ya ɗauko ta. Amma macen da ke zaune gida, ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba, ita ma tafiyar ta shafe ta ranar da ya dawo. Don haka in muka ce matafiya, har da mai jiran matafiyi.

Gwaji tukuna, sannan allura

Ga inda tamu shawarar ta bambanta da ta Bature. Tunda da yawa cikinmu sun riga sun haɗu da ƙwayar tun ƙuruciya, matakin farko shi ne gwajin jini. Sunansa a takarda AgHBs. Ki sa a rubuta miki waɗannan haruffa a ƴar takarda ki riƙe, don kada ki je ki ce "gwajin shawara" a yi miki wani abu dabam. Akwai mai sauri wanda ake ɗiga jinin yatsa, sakamako ya fito kafin rabin awa. Ana yin sa a ɗakunan gwaji na manyan asibitoci, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai, da asibitocin gundumomi da dama. Wadda ta taɓa ba da jini ma an duba nata, don ba a ƙara wa kowa jini sai an tace shi daga wannan cuta.

In gwaji ya nuna babu, sai allura. In ya nuna akwai, allurar ba ta da amfani gare ki. Rigakafi ne, ba magani ba. Wannan shi ne haɗarin tsallake gwaji: mace ta biya kuɗin allura uku, ta kwanta da zuciya ɗaya cewa ta tsira, alhali cutar tana cin hantarta a ɓoye. Akwai wani gwajin na biyu da ke nuna ko jikinki ya taɓa haɗuwa da ita ya kore ta ya samu garkuwa. Wadda ke da halin yin sa tana iya hutar da kanta kuɗin allura. Wadda ba ta da hali, yin allurar a kan garkuwar da ke akwai ba ya cutarwa.

Allurar ba sabuwa ba ce da za a ce ana gwaji a kanmu. Tun 1982 ake amfani da ita. A Gambiya, nan yammacin Afirka, an fara yi wa jarirai tun 1986, aka bi su shekara da shekaru ana dubawa, aka ga yadda ta rage masu ɗauke da cutar. A Taiwan, inda aka fara a 1984, har ciwon dajin hanta ya ragu a tsakanin yara. A nan Nijar an shigar da ita cikin rigakafin yara a 2008, a cikin allurar nan mai haɗe da cuta biyar da ake rubuta wa Penta, wadda ake yi a mako 6 da 10 da 14. Ki ɗauko karnen ɗanki ki duba: in kin ga Penta 1, Penta 2, Penta 3 duk da kwanan wata, to ya samu. Ma'anar wannan kuma ita ce duk wanda aka haifa kafin 2008, mu da mazanmu da manyan ƴaƴanmu, babu wanda aka yi wa, sai wanda ya nema da kansa.

Ta manya guda uku ce: ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku wata shida daga ta farko. A dantse ake yin ta, ba a ɗuwawu ba, don a can ba ta kamawa sosai. In an ce ki juya, ki ce a'a, hannu. Wadda ta cika ukun, kariyar tana kai shekara 20 ko fiye, ga mafi yawan mutane ma har abada. Abin da takan jawo bai wuce ɗan tsamin hannu ko ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ba. Mai ciki tana yi, mai shayarwa tana yi. In ta biyu ko ta uku ta wuce ki saboda tafiya ko rashin kuɗi, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

In a farmasi aka rubuta miki ki sayo, ki tuna ba ta son zafi, ba ta kuma son daskarewa. Daga firigon farmasi sai cikin ƴar kula mai sanyi, a naɗe ta da tsumma kada ta jingina da ƙanƙara, sai hannun mai yin allura, a ranar. Kada ki saye ta ki jefa cikin jaka ki shiga kasuwa da rana tsaka, ki ce sai gobe. Kuma kada ki saye ta a tebur ko a hannun mai yawo da magani a kai.

Wata shida ɗin nan shi ne wurin da ake faɗuwa, don mu ba mu shirin tafiya sai ta matso. Mu yi lissafi da watanninmu. Mai niyyar Hajji, jirage suna fara tashi cikin Zulƙida. In ta yi ta farko a watan Mauludi, ta gama da sauran lokaci. Mai Umrar azumi ta fara tun watan Muharram ko Safar. Mai zuwa bida kuwa damina ta yi masa daidai: ya dawo noma da ruwan farko, a yi masa ta farko a Yuni, ta biyu a Yuli, ta uku a Disamba kafin ya sake ɗaukar jaka. Sai dai a nan sai mun yi da gaske, don namiji da ƙafarsa ba ya zuwa asibiti yana lafiya lau. Kowa ta san dabarar da take bi da nata.

In tafiya ta zo ba shiri, kada a ce tunda ba za a cika ba a bari. Biyu sun fi babu nesa ba kusa ba, sai a cika ta uku bayan an dawo. Akwai kuma tsarin gaggawa da likita ke iya sa ki a kai: yau, bayan kwana 7, bayan kwana 21, sannan ta huɗu bayan shekara. Wadda kuma tsautsayi ya same ta a hanya, allurar wani ta soke ta, ko aka yi mata fin ƙarfi, alhali ba ta da rigakafi, ta nemi asibiti cikin awa 24, don allurar da aka yi da wuri tana iya tare cutar kafin ta kama. Kada ta ce bari in ga ko zan ji wani abu: alamun sukan ɗauki wata ɗaya zuwa shida kafin su fito, lokacin an manta da abin da ya faru a tasha.

Wadda aka ce tana da ita

Ba hukuncin mutuwa ba ne, kuma ba shaidar lalata ba ce. Mu riƙe wannan da kyau, don bakinmu yana kashe aure. Mafi yawan masu ita a ƙasarmu tun suna jarirai ko yara suka ɗauka. Likita zai sake gwaji bayan wata shida ya ga ko ta zauna, ya duba yawan ƙwayar da lafiyar hantar. Ba kowa ake ɗora wa magani ba. Wasu bibiya kawai suke bukata lokaci-lokaci. Wanda ya kamata a ɗora, akwai ƙwaya irin su tenofobir da ake sha guda a rana. Ba ta fitar da cutar gaba ɗaya, amma tana danne ta ta tsare hanta, kuma galibi shan na tsawon rai ne. Matafiya mai shan ta ta ɗauki wadda za ta ishe ta har da ƙari, tare da takardar likita, don yanke shan ta kwatsam yana iya tayar da ciwon da ƙarfi.

Mutanen gidanta duka su yi gwaji, wanda ba shi da ita a yi masa allura. Kowa da rezarsa, da abin yankan farcensa, da magoginsa. Ta bar jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, don hanta ce ke tace duk abin da aka sha, mai rauni kuma ba a ƙara mata kaya. Mu mutanen gyaɗa kuma ga tamu: gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da wata guba da ke haɗuwa da wannan cuta su gaggauta ciwon dajin hanta. Wadda muke tsincewa mu ce ta ƙuli-ƙulin gida ce tunda ba ta sayuwa, ita ce ya kamata a zubar.

Mai ciki kuwa ta nemi a yi mata gwajin tun a awon farko. In tana da ita kuma ƙwayar ta yi yawa, ana ba ta magani a watannin ƙarshe don rage wa jariri haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane jariri a yi masa allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, kafin Penta ta biyo baya. Wadda ta san tana ɗauke da cutar ta yi wannan magana da ungozomar asibiti tun ciki yana wata bakwai, a san inda allurar za ta fito, kuma ta haihu a asibiti. Mako shida na jiran Penta ya yi wa irin wannan jariri nisa. Haka wanzamin ranar suna: sabuwar reza daga hannunki, ko a haƙura da cire belu da tsagar gaba ɗaya.

Abin da muka yi da akwatinmu

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, asusu ya saya mana awaki, ya aurar da ƴaƴa, ya kai wasu Makka. Mun zauna mun ga cewa kuɗin agajin da muke warewa kullum sai bayan ciwo ya kayar da mutum muke fiddo su. Ga babba, gwaji da allurar nan galibi da kuɗinki ne, kuma a dunƙule suna da nauyi ga mace guda. A rarrabe kuwa ba su fi ƙarfinmu ba. Mu 25 ne. Kowa ta ƙara dala ashirin ranar zubi, jika biyu da rabi ke nan a mako, jika goma a wata. Muka aiki mutum biyu su tambayo farashin gwaji da na allura a asibiti da farmasi, muka rubuta a bayan littafi, muka jera sunaye: masu ciki da masu tafiya a gaba, saura a biyo.

An yi gardama, ba mu ɓoye ba. Wata ta ce ita ba ta son sani, abin da ba ka sani ba ba ya hana ka barci. Uwar mamacin nan ce ta amsa mata, a hankali, ta ce ita ma da haka take cewa. Muka kuma yi doka guda: sakamako tsakanin mace da likitanta ne. Magatakarda tana rubuta "ta je" kawai, ba ta rubuta abin da aka gani. Wadda ta fito da maganar wata a waje, tararta ta fi ta makara sau goma. An samu masu ita a cikinmu, waɗanda suka faɗa da bakinsu don a taimaka musu da kuɗin mota zuwa babban asibiti. Ko su nawa ne, wannan ya rage a tabarmarmu.

Mai karnen ɗorawa kuwa, wata uku ya rage mata a lokacin. Gwajinta ya fito babu. An yi mata ta farko a makon, ta biyu cikin Rajab, ta tafi Umrarta da fakitin reza na ɗanta da ya raka ta, ta dawo mana da dabino da zamzam, ba haƙori. Ta uku tana faɗowa bayan Sallar Layya. Kuɗin suna cikin ambulan dabam a ƙasan akwati da sunanta a kai, don ta ce in aka bar su a hannunta, Lome za su tafi.